Koya wa yaranmu na Sudan waƙar taro: daga amshi ake farawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon ɗan fili a jaridarka mu yi magana da 'yan uwanmu Hausawan Sudan, na Gadarif da Kasala da Sinnar da Mai Wurno da Damazin da Madani, har da waɗanda yaƙi ya kora zuwa Bur Sudan, a kan wani abu da wasu unguwanni suka fara gwadawa: tara yara a koya musu rera waƙa tare, abin da a nan ake kira koral. Niyyar mai kyau ce. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 makarantu suka rufe, ajujuwa da yawa suka koma masaukin 'yan gudun hijira, har a watan Oktoban 2023 hukumar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan. Duk wanda ya samar wa yaro wurin zuwa da la'asar, inda za a kira sunansa a rajista a kuma nemi dalili idan bai zo ba, ya yi aikin lada. Inda gyara yake shi ne yadda ake soma abin. Kwamiti zai zauna, a yi karo-karo, a sayo fiyano, a ɗinka wa yara anko, a yi hayar lasifika. Bayan wata biyu fiyanon na ƙarƙashin gadon ma'aji, rabin yaran muryarsu ta dishe, sauran sun koma ƙwallo.

Abin da ake buƙata da farko yana hannunmu tun tuni, wato waƙa da amshi. Ɗan Bahaushe ya san ta daga dandali da gaɗa da tashe da Ishiriniyar Mauludi. Maƙwabtanmu Larabawa ma haka suke: waƙoƙin haƙiba da suka bunƙasa a Omdurman a shekarun 1920 mawaƙi ɗaya ne da 'yan amshinsa, waɗanda suke kira shayyalin, sai tafi da ɗan riƙ (ƙaramin bandiri mai kacau-kacau), masu madihu kuma da ɗar (bandiri) suke yi, jama'a na karɓa. Har ma'aunin sautin ya zo ɗaya. Yawancin waƙar tsakiyar Sudan a kan sautuka biyar take tafiya, abin da malaman kiɗa ke ce wa sullam khumasi, wato do, re, mi, sol, la, kuma mafi yawan waƙoƙinmu na gargajiya a nan suke zaune. Ke nan kunnen yaron Gadarif ya riga ya saba da hanyar ta fuska biyu. Malamin da ya bar wannan ya ɗauko tsarin murya huɗu na Turawa a makon farko, ko ya ɗauko waƙar Masar mai rubu'in sauti, ya jawo wa kansa wahalar da ba dole.

Yara ashirin zuwa talatin sun isa ƙungiya ɗaya, da manya biyu a kansu. Idan sun haura haka malami ba ya jin muryar kowa, hayaniya kawai yake ji. A raba su gida biyu: 'yan shekara 7 zuwa 11, da 'yan 12 zuwa 17. Kada a yi jarabawar shiga. Yaron da ba ya kama kari a ranar farko, yawanci bai taɓa samun wanda ya sa shi ya saurari kansa ba ne. Waɗanda kunnensu ba ya bambance sauti da gaske kaɗan ne ƙwarai. Irin wannan yaro a tsayar da shi tsakanin biyu masu kamawa, a layin gaba, kada a tura shi baya a ce ya riƙa motsa baki kawai. Bita sau biyu a mako, minti 45 ga ƙanana, awa guda ga manya, bayan la'asar, a tashi da sauran rana kowa ya isa gida kafin magariba. Sau biyu na minti 45 ya fi sau ɗaya na awa uku nesa ba kusa ba, domin muryar yaro tana gajiya tun kafin shi ya san ya gaji.

Wuri kuwa, rakuba, wato rumfa, ko inuwar dalbejiya da ke kusa da bango ta fi fili tsirara. Bango yana maido wa yara muryarsu su ji kansu. A buɗaɗɗen fili sauti watsewa yake, sai kowa ya ƙara ƙarfi. Ɗakin kwano a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba wurin waƙa ba ne. Ranar da habub, wato guguwar ƙura, ya taso a ɗage bitar, ko a yi ta tafi da haddar baiti baki rufe da gyale, saboda ƙura na busar da maƙogwaro. A tanadi jarkar ruwa mai tsabta, kowane yaro da kofinsa. Bayan kwalarar da ta ratsa Kasala da Gadarif a 2024 babu mai hujjar zagaya moɗa ɗaya a bakin yara talatin.

Yanzu ga babbar matsalar, wadda ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami: ihu. Yaranmu sun taso a makarantar allo inda mai ƙarfin murya shi malam ke ji, suka kuma ga masu bege a bakin lasifika jijiyar wuya a tashe, sai suka ɗauka waƙa mai kyau ita ce mai ƙara. Ka tsaya gefen irin wannan yaro ka duba: haɓa ta miƙe sama, kafaɗu sun ɗaga sun kusa taɓa kunne, jijiyoyi biyu sun fito a wuya kamar igiyar guga, yana fizgar numfashi a tsakiyar kalma. A cikin maƙogwaronsa tantanin maƙwallato guda biyu ne ke bugun juna sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Idan aka matsa musu da ƙarfi kullum sai su kumbura, daga baya su yi kanta irin wadda fartanya ke yi wa tafin hannu, murya ta zama mai gargada, sautin sama ya ɓace. Zuma da citta da lemun tsami da ake ɗura wa yara ba sa kai wa wurin. Abin da aka haɗiya ta wata hanyar yake bi. Maganin shi ne hutu da ruwa da daina ihun. Yin raɗa ma ba hutu ba ne, yana wahalar da tantanin. Dishewar da ta wuce mako uku kuwa ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce.

Yadda ake kashe ihu tun daga tushe shi ne minti goma na farkon kowace bita. A tsaya, ƙafa a ɗan ware, gwiwa a sake, hannu ɗaya a kan cibiya. A ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu, cikin ya turo hannun waje, kafaɗa ba ta motsa ba. A sake shi da sautin "sss" ana ƙirga takwas. Bayan mako biyu a kai sha biyu, manya su kai sha shida; wanda jiri ya ɗiba ya zauna, ba gasa ake ba. Daga nan a yi guɗa a hankali daga ƙasa zuwa sama a dawo, baki rufe da "mmm" har yaro ya ji leɓensa na ƙaiƙayi, sannan a buɗe zuwa "nu" da "ma" a kan sautukan nan biyar. Ma'aunin da malami zai ba su ɗaya ne, kuma yara na gane shi nan take: idan ba ka jin muryar na kusa da kai, taka ta yi yawa.

Wani laifin na malamin ne, ba na yara ba. Muryar babban namiji tana ƙasa da ta yaro da tsani guda cur, wato daga do zuwa do. Malam zai ɗauko waƙa a inda ta yi masa daɗi, yara su yi ta gurnani a ƙasa suna neman inda yake, ko su haura sama su ƙare da ƙara. Wurin da muryar yawancin 'yan firamare ke sakewa shi ne daga do ta tsakiyar fiyano zuwa re ta tsani na sama, sautuka tara ke nan. Kowace waƙa a nemo sautinta mafi sama da mafi ƙasa a tabbatar sun faɗa cikin wannan iyaka kafin a kawo ta gaban yara, a rubuta sautin farawa a gefen takardar, kullum daga nan za a fara. Idan malamin namiji ne, ya koya wa wata yarinya ko yaro mai kunne tukuna, shi ya riƙa bai wa sauran misali. A nan fiyano ke da amfani, kuma ko manhajar fiyano ta waya ta wadatar. Ga wata dabara ga wanda bai yi karatun kiɗa ba: baƙaƙen maɓallan nan biyar, masu zuwa biyu da uku, su kansu sullam khumasi ne. Yaro ɗan shekara tara zai iya lalubo karin waƙar gaɗa a kansu cikin minti goma ba tare da ya taɓa fari ko ɗaya ba.

Sabuwar waƙa ba da kari ake fara ta ba. A karanta baitin da baki kamar magana, a fassara duk kalmar da ta yi tsauri, domin da yawa daga yaranmu na birni Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, kuma wanda bai san abin da yake faɗa ba ba zai san inda zai ja numfashi ba. Sai a tafa gaɓoɓin. Sai malami ya rera ɗango ɗaya, su maimaita, shi kuma ya yi shiru lokacin da suke yi. Malamin da ke rerawa tare da ɗalibansa kansa yake ji. A haɗa ɗango biyu, sannan huɗu. Amshi ake fara koya wa kowa da kowa, saboda da zarar ya zauna yara sun sami gidan komawa, ko baiti ya kuɓuce musu. Idan baiti na da wuya a fara daga ɗangon ƙarshe a riƙa ƙarowa ta baya, ta haka kullum suna tafiya ne zuwa wurin da suka fi sani. Waƙa mai baiti huɗu ko biyar takan ci bita uku zuwa huɗu. Waƙoƙi shida a wata uku, waɗanda suka nuna sosai, sun ishi taron farko.

A nan za mu ɗan daɗe, don abin ya shafi harshenmu. Yaran Sudan da haruffan Larabci suka iya karatu, boko baƙo ne a wurin mafi yawansu, saboda haka da ajami za a rubuta musu waƙar Hausa. To amma ajamin Sakkwato da Kano da bakin ɗan Sudan ba su daidaita ba. A ajami harafin ق shi ne ƙ, a Larabcin Sudan kuwa g ake furta shi, sai ka rubuta "ƙasarmu" yara talatin su rera maka "gasarmu". Harafin غ shi ne g ɗinmu, su kuma su kurkure shi a maƙogwaro. ث a wurinmu c ce, a wurinsu s ko t. ط tana tsaya wa ɗ. Idan daga tsohuwar takarda aka kwafo mai rubutun Magaribi, ƙaf ɗinta ɗigo ɗaya gare ta a sama, yaron makarantar gwamnati zai karanta ta a fa. Hanyar fita mai sauƙi ce: a yi allo ɗaya da waɗannan haruffa da kalmar misali a gaban kowanne, ya zauna a wurin bita kullum, a kuma riƙa minti biyu na ɓ da ɗ da ƙ da ts a cikin ɗumama murya. Baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari, dawa da ɗawisu. Yara na dariya, harshe na gyaruwa.

Sai batun kari. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, mai dogon wasali da gajere, kuma waƙa ba ta da ikon taka wannan yadda ta ga dama. Wanda ya ɗauko karin wata waƙar Larabci ya cusa mata kalmomin Hausa da ƙarfi zai ja gaɓar farko ta "gari" ya mayar da birni garin tuwo, ko ya sauke ƙarshen "kuka" ya mayar da hawaye bishiyar da Larabawa ke kira tabaldi. Doka ɗaya ce: gajeriyar gaɓa ta hau gajeren bugu, doguwa ta hau dogo, kari kuma ya bi hawa da saukar maganar gwargwadon hali. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a rera wa wata tsohuwa da ba ta ga rubutun ba, a ce ta maimaita abin da ta ji. Inda ta ce "me kuka ce?" a nan gyara yake.

Raba murya gida biyu mataki-mataki ake yi, kuma duk daga amshi yake fitowa. Da farko rukuni ɗaya na bayarwa ɗaya na karɓa, ana musanyawa don kada wasu su dawwama a 'yan amshi. Bayan wata guda sai 'yan amshi su riƙa shigowa kafin masu bayarwa su rufe baki, muryoyi su haɗu na bugu ɗaya ko biyu. Daga nan rukuni ɗaya ya riƙe sautin tushe da "uuu" ɗayan na tafiya da kari a kansa. Na ƙarshe shi ne bi-da-bi: waƙa ɗaya, rukuni na biyu ya fara bayan na farko ya ci ɗango guda. Sautuka biyar ɗin nan ba su da rabin taki (tazarar maɓalli da na jikinsa a fiyano) a tsakaninsu, shi ya sa ko sun ci karo ba sa yi wa kunne ciwo sosai, kuma shi ya sa waƙoƙinmu ke karɓar wannan salo cikin sauƙi. Idan rukuni ɗaya ya riƙa zamewa yana bin ɗayan, a raba su da taku biyar, kowanne da jagoransa, a riƙa matso da su a hankali mako bayan mako. Toshe kunne da yatsa da yara ke yi a hana shi, don manufar ita ce su ji juna.

Abu biyu ne ke lalata waƙar taro ko an iya ta. Na farko gudu: a fara a natse, kafin baiti na uku kamar ana kora su. Yawanci mai bugun ɗar ne ke ja, ko tafi da ke shigowa gaba da lokaci. A sa yara su riƙa taka ƙafa hagu da dama a hankali suna rerawa, jiki ba ya yarda a yi masa gaggawa kamar yadda baki ke yarda. Na biyu zamewar murya ƙasa. A buga sautin farawa a ƙarshen waƙa a kwatanta. Idan sun sauka, dalilin ba ya wuce gajiya, zafi, zaman da aka lanƙwashe, ko ɗango mai gangarowa da ake faɗowa a kansa da nauyi. A tashe su tsaye, a ba su ruwa, a ɗaga waƙar da rabin taki. Maimaita ta sau goma cikin faɗa ƙara nutsar da ita yake.

Ɗar, ko bandiri kamar yadda 'yan Kano ke cewa, guda biyu sun isa, kuma mai bugu ya tsaya a gefe inda yake ganin hannun malami. Fatarsa na da hali: da kharif, wato damina, ya shigo danshi ya sassauta ta sai ta riƙa "ɓaf ɓaf" kamar ana dukan tabarma. A kanga ta a kan garwashin shayi daga nesa, tazarar kamu biyu, ana juyawa ana shafawa da tafin hannu ana ɗan ƙwanƙwasawa, har amon ya tashi ya yi zaƙi. Minti ɗaya ko biyu ne. A bazara kuwa akasin haka, idan aka bar ta a rana sai ta ɗaure ta tsage daga bakin katako, don haka a jakar yadi ake ajiye ta a inuwa. A kuma tuna cewa a cikin yaran akwai waɗanda suka kwana ƙarƙashin gado a Khartum ko Madani ko Sinja suna jin rugugi. Kada a dira bugu ba zato. A nuna musu gangar, a bar su su taɓa, a fara da yatsu. Wanda ya fita ya zauna a gefe a ƙyale shi, zai dawo da ƙafarsa.

Samari masu shekara 12 zuwa 15 su ne aka fi yin asararsu. Maƙwallato na girma, tantani na ƙara tsawo, murya ta fashe, yau tana sama gobe tana ƙasa, wani lokacin sautuka biyar ko shida kawai suka rage masa. Yara su yi dariya sau ɗaya, shi ke nan ba za ka sake ganinsa ba. Kada a sallame shi, kada kuma a tilasta masa tsohon wurinsa. A gwada shi shi kaɗai duk wata shida ko ƙasa da haka, a nemo inda muryar take a yanzu, a ba shi riƙon sautin tushe ko gajeren amshi da ya dace da ita, a haɗa masa da ɗar ko kula da rajista. Cikin shekara ɗaya ko biyu za ta zauna, a lokacin ne ƙungiya za ta sami muryar ƙasa da ba ta da ita. 'Yan mata ma muryarsu na sauyawa, sai dai kaɗan: takan yi iska-iska a wajen shekara 11 zuwa 14. Ba lalaci ba ne, kuma cewa "ki buɗe murya" ba ya gyara shi.

Mun san akwai iyayen da za su ce waƙa ba tarbiyya ba ce, wasu su ce roƙo ne. Ba a raina wannan magana. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, ba kuma a wasiƙa za a warware shi ba; unguwar da ba ta yarda da fiyano ba ta tsaya a murya da tafi da duffi, babu abin da ya ragu daga duk abin da muka zayyana. Sai dai a tuna Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun jajis, wato matan da ke yawon karantarwa, da 'yan taru, kuma jama'ar da ta biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 har ta zauna a gaɓar Shuɗin Nilu ba ta bar irin waɗannan waƙoƙi a baya ba. A'isha Falatiya kuma, haifaffiyar Kasala, mace ta farko da ta yi waƙa a Rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, a makarantar allon mahaifinta ta fara gyara harshe. Abin da ke kwantar wa iyaye hankali tsari ne da za su gani da ido: a kai wa limamin unguwa da iyaye rubutun kowace waƙa kafin a koyar, 'yan mata manya su sami malama da ranarsu daban, ƙofa a buɗe, babba ɗaya kada ya keɓe da yaro, uwa ko kaka ta zo ta zauna duk ranar da ta so. Bidiyon yaro ba ya hawa Facebook ko TikTok sai da yardar iyayensa. Liƙi a goshin yara kuwa a hana shi ƙememe, mai son taimako ya ba ma'aji a rubuta. Ranar da yaro ya gane muryarsa na kawo kuɗi a fili, ranar ya daina sauraron na kusa da shi, kuma zargin roƙon ya tabbata.

Waƙoƙin da za a zaɓa a gauraya: na bege da madihu, na gaɗa da dandali, na Larabcin Sudan masu tsabta, da na koyar da wanke hannu ko ƙidaya ga ƙanana. Banda zambo, banda kirarin ƙabila, banda waƙar wani ɓangare na masu faɗa. Wanda ya ga rikicin ƙabilancin da ya faru a Damazin da Rusairis a Yulin 2022 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Idan ɗan maƙwabci da ba Bahaushe ba ya leƙo, a ba shi wuri a layi, a kuma nemi waƙa ɗaya daga gidansu.

Malami mai ilimin nota ba dole ba ne a farko, amma idan an samu a riƙe shi. Kwalejin kiɗa da wasan kwaikwayo ta Khartum, wadda aka kafa a matsayin cibiya a 1969, ta yaye mutane da yawa, yaƙi kuma ya watsa masu wannan sana'a zuwa garuruwan gabas da ƙasashen maƙwabta. Ko sau biyu a wata irin wannan mutum ya zo ya saurari yara ya gyara wa malaman unguwa, an ci riba. A biya shi, ko da kuɗin mota da ɗan abin cefane ne daga karo-karon iyaye. Aikin sa-kai zalla ba ya wuce wata uku. A kuma tsara shekara da kalandar noma a hannu. A yankin Gadarif daga Oktoba yankan riɗi zai kwashe manyan yara, dawa ta biyo baya, ga azumi, ga jarabawa. Taron nuna wa iyaye a sa shi kafin kaka ko bayanta, minti 30 kacal, waƙa shida. Idan filin ƙarami ne a manta da lasifika. Idan dole ne, makirufo biyu a kan sanda, taku biyu daga layin gaba, akwatunan sauti a gabansu suna kallon jama'a don kada su yi kuwwa, janareta can nesa, a kuma roƙi mai na'ura ya rage eko ɗin nan da ake cika wa a gidajen biki, wanda ke mayar da baiti kunu.

Roƙonmu na ƙarshe ga masu karatu ne, Malam Edita. Waƙoƙin gaɗa da na daɓe da na niƙa da na reno da kakanninmu suka taho da su suna bakin tsofaffin mata a Mai Wurno da ƙauyukan bakin kogin Rahad da na Dindir, wasu da kalmomin da ko a Sakkwato an daina ji. Mai waya ya zauna da kakarsa da hantsi, lokacin da gida ya yi shiru, ya ajiye wayar kamu biyu daga bakinta. Ta fara faɗin garinsu da wurin wanda ta koya, ta rera sau biyu, sannan ta faɗi kalmomin da baki a hankali, a tambaye ta wane ɓangare ne na mai bayarwa wane ne amshi, da yadda ake tafa shi. A tura wa malamin waƙar unguwa ta WhatsApp, a kuma ajiye kwafi a wata wayar daban.

Wassalam.

Daga wasu malaman waƙa da na Islamiyya,
Gadarif, Sudan